Yadda Ake Tsara Takardar Koyar da Aiki Domin Ƙungiyar Ƙauye

Takardar koyar da aiki ita ce wadda take nuna wa mutum yadda zai yi wani aiki da hannunsa, ko yadda zai kula da wani kaya, alhali mai koyarwa ba ya wurin. Malaman gona suna kiranta fiche technique da Faransanci. Babu shakka kun taɓa ganin irinta: wadda take zuwa tare da sabon iri, ko wadda aka liƙa a bangon bankin cimaka, ko wadda mai gyaran famfo ya bar wa kwamitin ruwa. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, wato INRAN, da haɗaɗɗiyar majalisar manoma ta RECA sun fitar da irin waɗannan takardu masu yawa, sai dai mafi yawansu da Faransanci suke.

Idan kun koyi karatu da rubutu a ajin yaƙi da jahilci, to, ku sa rai za a miƙo muku alƙalami. A ƙasar Arewa, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jihar Doso, ƙungiyoyin manoma da na mata da kwamitocin ruwa kullum suna neman wanda zai riƙe musu littafi. Shi ake aikawa taron horo, shi kuma ake jira ya komo ya rubuta abin da aka koyar. Idan kaka ta wuce, sai magatakarda ya tafi cin rani Yamai ko Birnin Kabi, takardarsa kaɗai ta rage a gari. In an tsara ta da kyau, ƙungiya za ta ci gaba da aikinta. In kuwa an cakuɗa ta, waken shekara guda yana iya lalacewa a ɗakin ajiya, wato mangaza, ga kuma takardar nan rataye a bango ba ta amfani kowa ba. A shekarar 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, saboda haka buƙatar masu iya rubuta irin wannan takarda da Hausa ba za ta ragu ba.

Asalin wannan hanya

Wani masani ɗan Amurka mai suna Robert Horn ne ya tsara hanyar da za a bayyana a nan, a shekarun 1960. Sunanta da Turanci Information Mapping, ma'ana zana taswirar bayani. Kamfanoni da ma'aikatu a ƙasashe da dama sun yi amfani da ita wajen rubuta littattafan aikinsu. Tushenta shi ne, mai karanta takardar aiki ba ya bin ta daga farko zuwa ƙarshe kamar mai karanta labari. Yakan zo ne da tambaya guda, hannunsa yana cikin aiki, yana son ya ga amsa nan take ya koma kan abin da yake yi. Wannan ya fi zama gaskiya ga wanda bai daɗe da koyon karatu ba, domin shi kowane layi yana cin lokacinsa da ƙarfinsa. Hanyar tana da matakai uku: nazari, da tsarawa, da fitarwa a kan shafi.

Nazari kafin a ɗauki alƙalami

Kada ku fara da rubutu. Ku fara da tambayoyi biyu: wa zai karanta, kuma me ake so ya iya yi idan ya gama karantawa? Amsar "kowa da kowa" ba ta da amfani. Mai tsaron mangaza yana buƙatar sanin yadda ake jera buhuna masu yawa da yadda ake shigar da su rajista. Matar da za ta ajiye buhu ɗaya a ɗakinta ba ta buƙatar wannan, ita abin da ya dame ta shi ne yadda za ta ɗaure buhun da inda za ta aza shi. Idan masu karatu iri biyu ne, gara a rubuta takarda biyu.

Bayan haka ku tara duk abin da kuka sani game da aikin, kowace magana a layinta. Ya fi sauƙi idan kuka rubuta kowacce a kan guntun takarda dabam, don ku iya jujjuya su a kan tabarma. Abin da ba ku tabbatar ba, ku tambayi malamin gona ko mai gyara tun kafin ya shiga takarda. Mutane suna ba rubutu nauyi fiye da maganar baki, kuma kuskuren da aka rubuta yakan daɗe yana yawo.

Sai babban aikin, wato rarraba maganganun. Bayanin aiki yakan kasu gida shida, kuma ana gane kowane gida da tambayar da yake amsawa.

Na farko shi ne ma'ana, mai amsa tambayar "Mene ne wannan?" Na biyu shi ne siffa, mai amsa "Yaya yake, kuma waɗanne sassa gare shi?" Na uku shi ne tabbataccen bayani, irin su nawa, da yaushe, da ina. Waɗannan uku ba su cika ba da wahala ba.

Sauran ukun ne ake yawan cakuɗawa, don haka ku lura da su sosai. Na huɗu shi ne matakan aiki, mai amsa "Yaya zan yi?" A nan mai karatu ne da kansa zai yi abin, mataki bayan mataki. Na biyar shi ne yadda abu ke gudana, mai amsa "Me ke faruwa?" A nan mai karatu ba shi ne mai yi ba, fahimta kawai ake so ya samu. Misali, yadda hatsi ke shiga bankin cimaka da kaka, a ajiye shi, a sayar wa mutanen gari da damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, bayanin gudana ne. Amma yadda mai awo zai auna wa mai saye ya rubuta a littafi, wannan matakan aiki ne. Na shida shi ne ƙa'ida, mai amsa "Me ya wajaba, me aka hana?" Gargaɗi da dokokin ƙungiya duka a nan suke.

Me ya sa ake raba su? Domin kowane iri da lokacin da ake nemansa. Ma'ana ana karanta ta sau ɗaya a gane. Matakai kuwa ana komawa kansu duk ranar da za a yi aikin. Gargaɗi kuma ba shi da amfani sai an gan shi kafin a yi kuskuren.

Misali da ajiyar wake

Wake yana cikin abin da manoman Arewa suka fi samun kuɗi da shi, kuma kowa ya san ɓarnar da ƙwaro ke yi masa a ajiya. Masu bincike na jami'ar Purdue ta Amurka, tare da takwarorinsu na Afirka, ciki har da na INRAN, sun yaɗa wani buhu mai hana iska shiga da ake kira PICS. An fara yaɗa shi a ƙauyukan Nijar daga shekarar 2007. A ce magatakardan wata ƙungiya ya halarci horo a kan wannan buhu, ya komo ya rubuta haka:

"Buhun PICS yana da kyau ƙwarai wajen ajiyar wake kuma ba a sa magani, ana zuba wake a ɗaure da kyau, ƙwari suna mutuwa saboda babu iska, yana da leda biyu a ciki, amma sai wake ya bushe, akwai mai kilo 50 da mai kilo 100, kuma a duba kada ledar ta huje, ɓera ma yana huda shi."

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Amma ku duba abin da zai sami wanda ya bi wannan rubutu yana aiki. Zai zuba wake ya ɗaure, sannan ya karanta cewa sai wake ya bushe. Zai gama ɗauri, sannan ya ji cewa a duba leda. Kalmar "da kyau" kuma ba ta gaya masa komai ba: ɗauri nawa za a yi, ɗaya ko uku? Magatakarda ya san amsa, domin ya gani da idonsa a wurin horo. Wanda ba ya wurin bai sani ba, kuma shi ne aka rubuta wa takardar.

Idan kuka warware wannan rubutu, za ku ga duk gidajen nan shida a cikin jimla guda. "Yana da leda biyu" siffa ce. "Kilo 50 da kilo 100" tabbataccen bayani ne. "Ƙwari suna mutuwa saboda babu iska" gudana ce. "Ba a sa magani" ƙa'ida ce. Za ku kuma ga inda aka bar giɓi, domin idan an ware matakai su kaɗai, nan da nan wanda ya ɓace yake bayyana.

Tsarawa: tubali da kan magana

A wannan hanya ba a rubuta dogon sakin layi. Ana gina takarda ne da ƙananan sassa, waɗanda za mu kira tubala. Kowane tubali magana ɗaya yake ɗauke da ita, kuma daga gida ɗaya. Idan kuna rubuta tubalin matakai sai wani bayani mai daɗi ya faɗo muku a rai, kada ku cusa shi a nan. Ku ajiye shi, zai sami nasa tubalin, ko kuma ku ga cewa ba a buƙatarsa.

Kowane tubali sai an ba shi kan magana, wato ɗan gajeren suna da ake rubutawa a samansa ko a gefensa. Kan magana mai kyau shi ne wanda mai karatu zai gani ya san abin da ke ƙarƙashinsa tun bai karanta ba. "Bayani" ko "Sauran abubuwa" ba su gaya wa kowa komai ba. "Yadda ake ɗaure buhu" ya faɗi abin da ke ciki. Idan kun rasa sunan da za ku ba tubali, sau da yawa alama ce cewa magana biyu ko uku ne a cikinsa.

Game da yawa, masu wannan hanya sun ce kada abubuwan da aka jera wuri ɗaya su wuce bakwai, ko tara in ya yi yawa. Sun dogara ne ga wani rubutu da masanin halayyar ɗan Adam George Miller ya fitar a shekarar 1956, a kan adadin abubuwan da mutum ke iya riƙewa a ka lokaci guda. Masu binciken da suka zo daga baya sun ga adadin ya fi kusa da huɗu. Don haka kada ku ɗauki bakwai ɗin nan kamar doka. Ga masu sabon karatu, biyar ya fi. Idan matakai sun kai goma sha biyu, ku raba su gida biyu ko uku, kowane da kansa.

Wajen jera tubala, ku bi yadda mai aiki zai buƙace su: mene ne abin, me za a tanada, me za a kiyaye, sannan matakai. Gargaɗi kullum yana zuwa kafin matakin da ya shafa. Ga yadda takardar wake za ta kasance bayan an tsara ta.

AJIYAR WAKE A BUHUN PICS

Mene ne shi?
Buhu ne na ajiyar wake wanda yake hana iska shiga. Akwai mai kilo 50 da mai kilo 100.

Sassansa
Leda biyu masu kauri a ciki, da saƙaƙƙen buhu ɗaya a waje.

Yadda yake aiki
Ƙwarin da ke cikin wake suna shaƙe iskar da ta rage a buhu. Idan ta ƙare sai su daina ci da haihuwa, su mutu.

A kiyaye
Kada a zuba waken da bai bushe ba. Kada a yi amfani da ledar da ta huje. Ba a sa maganin ƙwari.

Shirin wake da buhu
1. A shanya wake har ya bushe sarai.
2. A sheƙe shi, a fitar da tsakuwa da itace.
3. A cika kowace leda da iska, a matsa, a ga ko tana da huji.

Zubawa da ɗaurewa
1. A zuba wake kaɗan a leda ta farko.
2. A sa ta cikin ta biyu, a sa su duka cikin buhun waje.
3. A ci gaba da zubawa ana girgizawa, a bar wurin ɗauri a sama.
4. A matse iska daga leda ta farko, a murɗe bakinta, a lanƙwasa, a ɗaure da igiya.
5. A ɗaure ta biyu haka nan, ita kaɗai. A ɗaure buhun waje shi ma dabam.

Wurin ajiya
A aza buhu a kan katako, a inuwa, nesa da bango, inda ɓera ba ya kaiwa. Kada a buɗe sai ranar da za a ci ko a sayar.

Ku lura da abubuwa biyu a wannan misali. Kowane mataki da aiki ya fara: a shanya, a sheƙe, a zuba. Sannan an yi amfani da "a" maimakon "ka" ko "ki", don takardar ta dace da namiji da mace. Kuna iya zaɓar "ku" idan kun fi so, amma wanda kuka fara da shi, ku tafi da shi har ƙarshe. Takardar ta fi rubutun farko tsawo, gaskiya ne. Amma wadda ta manta yawan ɗauri kawai za ta kai idonta kan "Zubawa da ɗaurewa", ba sai ta sake karanta komai ba.

Awo, kuɗi da sunan wuri

A nan ne takardu da yawa suke faɗuwa, ko da tsarinsu ya yi kyau. "Kaɗan", da "daidai gwargwado", da "bayan ɗan lokaci" ba awo ba ne, sai a inda yawan bai da muhimmanci. Ku ɗauki misalin sa takin zamani kaɗan-kaɗan a ramin shuka, dabarar da masu binciken ICRISAT na Sadore, kusa da Yamai, suka gwada a gonakin hatsi. Awon shi ne giram 6 na takin NPK 15-15-15 a kowane rami, ko giram 2 na takin DAP. Manomi ba shi da ma'aunin giram a gona. Saboda haka ake koya masa cewa giram 6 kimanin cikin marfin kwalbar lemo ne, giram 2 kuma kimanin abin da yatsu uku ke tsinta. Takarda mai kyau tana ba da duka biyun, lambar da abin aunawar, tana kuma faɗin sunan takin a fili. Wanda ya ɗauki awon wannan taki ya yi wa wancan, ya ninka sau uku ke nan ko ya rage. A gonar da ke da ramuka 10,000 a hekta, wannan shi ne bambancin kilo 60 da kilo 20.

Tiya ma haka take. Tana ɗaukar kusan kilo 2 da rabi na hatsi, amma ta wannan kasuwa ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba, kuma awo da tozo dabam yake da awo a shafe. Idan ƙungiya tana da tiyarta, a rubuta "tiyar ƙungiya, a shafe". Kalmar eka kuma tana ruɗarwa, domin wani hekta yake nufi da ita, wani kuma filin da bai kai rabin hekta ba. Ku rubuta tsawo da faɗi da mita idan kuna iyawa.

Kuɗi ya fi kowanne haɗari. A baki muna lissafi da dala, a takardun hukuma kuwa da sefa ake rubutawa. Dala ɗaya sefa 5 ce, jaka ɗaya kuma dala 200 ce, wato sefa 1,000. Idan aka rubuta "zubi 100" kawai, wani zai kawo sefa 100, wani ya kawo sefa 500, kuma kowannensu yana da hujja. Rigima irin wannan tana iya raba ƙungiya. Ku zaɓi ɗaya, ku rubuta shi kusa da kowace lamba, ku kuma faɗa a saman littafi cewa duk kuɗin da ke ciki da sefa aka rubuta shi, ko da dala.

Sunan wuri ma yana son cikawa. Akwai Tibiri ta jihar Doso, akwai kuma Tibirin Gobir kusa da Maraɗi. Ku da kuke Dumega ko Kore Mai Ruwa kun san wadda kuke nufi, amma takarda tana tafiya inda ba ku zata ba.

Fitarwa a kan shafi

Ku bar fili. Takarda tana da tsada, shi ya sa mutane suke cika shafi tun daga sama har ƙasa, amma cunkoson rubutu yana korar mai sabon karatu tun bai fara ba. Ku bar layi ɗaya babu komai tsakanin tubali da tubali, ko ku ja layi da abin ja. Ku rubuta kan magana da manyan baƙaƙe, ko ku ja masa layi a ƙasa. Gargaɗi ku kewaye shi da akwati. Amma kada ku kewaye komai da komai, domin idan akwatuna sun yi yawa ido ba ya ƙara tsayawa a kansu.

Lamba ta matakai ce, inda bi da bi yake da muhimmanci. Kayan da za a tanada ba sa buƙatar lamba. Inda ake kwatanta abubuwa, kamar taki iri biyu da awon kowanne, jadawali mai gidaje ya fi jimloli saurin ganewa. Siffa kuwa zane ya fi dacewa da ita. Ba sai kun iya zane sosai ba: buhu uku, ɗaya cikin ɗaya, da kibiya da suna a kan kowanne, ya isa. Ku sa zanen kusa da maganar da yake bayyanawa, kada ku kai shi bayan takarda.

Abu ɗaya, suna ɗaya. A makarantar boko akan yaba wa mai sauya kalmomi don kada ya maimaita, amma a takardar aiki wannan illa ce. Idan kun ce "leda" a mataki na farko, kada ku ce "roba" a na huɗu, domin mai karatu zai tashi neman wani abu dabam. Haka kuma ku kiyaye baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Kafa da ƙafa ba ɗaya ba ne, haka ma daidai da ɗaiɗai.

Idan ƙungiya tana da takardu da yawa, su kasance da tsari iri ɗaya. Kuna da misali a kusa da ku, wato takardun kwamitocin kula da filaye, waɗanda aka kafa bisa dokar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993. Akwai takardar saye, da ta kyauta, da ta aro, da ta haya, da ta jingina, da ta gado bisa al'ada. Kowacce sunanta yana sama, kuma akwai gurbin da aka ware domin sunayen masu yarjejeniya, da bayanin fili, da shaidu, da kwanan wata. Wanda ya taɓa cika ɗaya ba zai ɓata a ta biyu ba. Haka ya kamata takardar wake, da ta dankalin turawa da ake nomawa da rani a fadamun Dogon Dutsi, da ta kula da famfo su yi kama da juna.

Gwaji

Marubuci ba ya iya ganin giɓin rubutunsa, domin abin da ya ɓace a takarda yana nan a kansa. Don haka ku nemi wanda bai halarci horon ba, wanda karatunsa bai fi na sauran ƴan ƙungiya ba. Ku ba shi takardar da kayan aikin, ku ce ya yi. Ku kuwa ku zauna ku yi shiru. Wannan shi ne mafi wuya, domin za ku ga yana shirin kuskure bakinku ya yi ta ƙaiƙayi. Ku daure. Duk inda ya tsaya, ko ya koma baya, ko ya ɗago kai ya dube ku, ku sa alama a wurin. Gyaran na takarda ne, kada ku ɗora wa mai karatu laifi. Tambayar "Ka gane?" ba ta da amfani sosai, saboda kunya takan sa mutum ya ce ya gane.

Ku kuma karanta ta da ƙarfi. A ƙungiyoyi da yawa mutum ɗaya ne ke karanta wa ashirin. Jimlar da numfashi ɗaya bai kai ƙarshenta ba, a raba ta biyu. Mai karantawa ya riƙa faɗin kan magana kafin kowane tubali, don masu sauraro su san inda aka kai. Idan za ku aika bayanin da murya ta WhatsApp, tsarin nan bai canja ba: saƙo ɗaya, tubali ɗaya, a fara da faɗin kan maganarsa.

Inda wannan hanya ba ta dace ba

Ba kowane rubutu ake yanka shi tubali-tubali ba. Wasiƙar neman taimako zuwa ga hukuma, ko tarihin ƙungiya, ko bayanin sasanta rigima, suna buƙatar magana mai bin juna, inda wannan dalili yake jan wancan. Idan aka yayyanka su, hujjar takan ɓace a tsakanin sassa. Sanarwa mai layi uku kuma ba ta buƙatar kan magana shida. Akwai ma ayyukan da takarda ba ta koyar da su ita kaɗai, kamar fitar da sandunan famfo daga rijiya ko yi wa dabba allura. A nan amfanin takarda shi ne ta tuna wa wanda ya riga ya koya a hannun gwani, ta kuma faɗa wa wanda bai koya ba wanda zai kira.

Kwanan wata, ajiya da sabuntawa

A ƙasan kowace takarda ku rubuta ranar da aka yi ta, da shekara, da muƙamin wanda ya rubuta, da inda aka samo bayanin. Abubuwa suna canjawa. Kafin shekarar 2011 Tibiri tana cikin gundumar Dogon Dutsi, a wannan shekara ce ta zama gunduma mai zaman kanta. Tsohuwar takardar da ta ce a kai rahoto Dogon Dutsi ba ƙarya ta yi ba a lokacinta, amma wanda ya bi ta daga baya yana iya yin tafiyar banza. Farashi ya fi haka saurin canjawa, shi ya sa ya fi kyau a ware masa tubalinsa, ko a rubuta shi da fensir, don a gyara shi ba tare da an sake takardar duka ba.

Ku yi kwafi biyu. Ɗaya a bango inda ake aikin, a cikin leda saboda ruwa da ƙura. Ɗaya a akwatin ƙarfe, nesa da gara. A cikin akwatin ku raba takardu bisa aikinsu: na koyar da aiki wuri ɗaya, na kuɗi wuri ɗaya, na filaye da yarjejeniya wuri ɗaya, sannan ku liƙa jerin sunayensu a cikin marfin akwatin. Sau ɗaya a shekara, bayan girbi kafin matafiya su tashi, kwamiti ya zauna a karanta takardun koyar da aiki ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka sake, a cire tsohuwarta daga bango a ranar, a ja mata layi daga kusurwa zuwa kusurwa, a rubuta "tsohuwa" a kanta kafin a mai da ita akwati.